Filtar Fijon Baba

Litinin, 13 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau aka janye Fijon Baba daga lungu. Maza shida suka tura ta, tayoyi huɗu duk sun zauna, ɓeraye na tsalle daga ƙarƙashin kujeru. Shekara goma sha tara tana nan tana shan ruwan gwatar unguwarmu Nima duk damina. Matan gida sun kwashe tukwanensu da buhunan gawayi daga cikinta suna tsaki, wai an raba su da sito.

Baba na zaune bakin ƙofa, hannun hagu a cinya kamar kullum tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ƙi shiga ɗaki sai da aka sha kwana da ita zuwa garejin Masta Tijani a Maamobi.

Bari in rubuta dalili, kada wata rana a ce hauka muka yi. Gwaggo Sahada, ƙanwar Baba, tana kwance a unguwar Madina, can gefen gari. Likita ya sallamo ta gida, kowa kuma ya san ma'anar wannan sallama. Ta aiko tana son ganin wanta. Shi kuwa tun ranar da motar nan ta mutu a ƙofar gidanta, bayan sun yi abin da suka yi, ta ce masa akwalarsa ba za ta ƙara tashi ba har abada, shi kuma ya rantse da Allah a gaban jama'a ba zai ƙara taka gidanta ba sai a cikin wannan motar, tana tafiya da injinta. Jawo ta aka yi zuwa gida. Abin da ya haɗa su ba zan rubuta ba. Liman ya zo har ɗaki ya ce masa ya ciyar da miskinai goma, kaffara ta wanke rantsuwa, ya hau tasi ya tafi wajen 'yar uwarsa. Baba ya juya fuska bango. To, sai dai a ta da mota.

Laraba, 15 ga Fabrairu, da rana, a shago

Saddiku ya sauka daga Hamburg ran Lahadi. Ƙanena ne, ni na goya shi, amma yanzu boga ne, yadda ake kiran wanda ya dawo daga Turai, turarensa na riga shi shiga gida. Shekara huɗu ba mu ga ƙeyarsa ba. Ya durƙusa gaban Baba ya yi kuka, ya tashi ya ce daga yau aikin mota a hannunsa yake. Da can Yaya yake ce mini, yanzu na koma Sista.

Na biya gareji da safe. An sauke tanki, na zura yatsa ciki, ya fito ja wur kamar na tsoma shi a garin yaji. Masta Tijani ya ce sau uku suka wanke shi da tsakuwa da kananzir, har yanzu tsatsa na fita. Sabon tanki sai an aika Lome, wata guda ke nan, Gwaggo kuwa ba ta da wata guda. Saboda haka rayuwar motar nan tana ga filtar mai, ita ce za ta tsaya tsakanin wannan dattin da inji.

Na ce a raina alhamdu lillahi, an zo gonata. Shekara goma sha bakwai ina sayar da filta a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, tun da mijina Abdul-Mumin ya rasu ya bar mini shagon: ta mai, ta iska, ta baƙin mai. Ko idona a rufe in aka ɗora mini ɗaya a hannu zan faɗi motarta.

Asabar, 18 ga Fabrairu, bayan magariba

Yanzu na dawo daga gareji.

Saddiku ya zo gareji da ɗan kwali, ya buɗe shi a hankali kamar mai nuna zinariyar lefe. Filta ce ta gilashi, bakinta biyu na sheƙi, ana ganin mai yana wucewa ta ciki. Kyau kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Ya ce a ja tiyo sama a ɗaura ta kan inji, ta gefen da hayaƙi ke fita zuwa salansa, don duk wanda ya buɗe bonet ita zai fara gani.

Na yi magana da ladabi, Allah shaida. Na ce wurin nan ya fi ko'ina zafi a motar. Fetur in ya ji wuta tafasa yake ya zama iska, famfon mai kuwa ba ya tura iska, sai inji ya mutu a tsakiyar hanya. Na ce kuma 'yar ƙarama ce, an yi ta don tanki mai tsabta, namu zai cika mata ciki kafin a kai Legon. Abin da ya kamata shi ne biyu: babba ta ƙarfe mai faɗin raga a ƙasa kusa da tanki, ta tare tsatsa kafin ta kai famfo, sannan ƙarama mai laushin raga bayan famfo, ta gefen da babu zafi. Ba wanda zai gan su, amma ai ba don kallo ake sa filta ba.

Ya saurare ni har na gama, yana murmushi. Sannan ya ce, a gaban makanikai da direbobin motocin haya na trotro da mai sayar da lemo:

“Sista, sayar da filta daban, sanin inji daban. Mai shagon magani ai ba likita ba ne.”

Suka kwashe da dariya. Masta Tijani bai yi dariya ba, sai dai ya duƙa yana neman sifanar da ke hannunsa. Shi ya san gaskiya, shekara nawa yana sayen kaya a wajena. Amma boga ne ya ba da aiki, ni kuwa ko ruwa ban sayo wa kowa ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Na kai wa Baba maganar yayin da nake ba shi koko. Na tabbata zai gane, mutumin da ya yi shekara talatin yana kai wannan motar Kumasi da Bawku, wanda da kunne yake sanin ciwon inji. Na zana masa komai, har da inda tiyo zai bi. Ya haɗiye kokonsa, ya ɗauki lokaci kafin harshen ya yarda, sannan ya ce:

“Zuera, ki bar maza su yi aikinsu.”

Shekara shida. Ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi, ni ke bin layin asibiti da katinsa, ni na san wane ƙwaya ne na safe wane ne na yamma. A lokacin ba wanda ya ce in bar maza su yi aikinsu. Wallahi ta yi mini ciwo fiye da ta jiya, don ta jiya yaro ne ya faɗa. Na goge masa baki na kwashe kwano na fita. Na bar su, bakina ba zai ƙara taɓa zancen filta ba.

Talata, 21 ga Fabrairu, da yamma

Ban je gareji ba. Ba kuma wanda ya tambaya.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, da rana, a shago

Kasuwa shiru, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ina share kanta sai na ga hannuna ya sauko da babbar filtar ƙarfe, irin ta da, wadda ba mai tambayarta yanzu. Na haɗa da ƙarama, da tiyo kamu biyu, da kilif shida, da sukudireba, na ƙulle su a leda na sa a ƙasan jakata. Ban ba kowa ba, ban kuma gaya wa kowa ba. In sun zo sun roƙa, ga su nan.

Shamima, 'yar Gwaggo, ta kira. Ta ce kullum uwarta sai ta tambaya ko an ji ƙarar mota a waje.

Asabar, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Ta tashi.

Bayan asuba suka kawo ta ƙofar gida, Saddiku a sitiyari. Tun daga kwanar masallaci Baba ya ji ƙararta, ya fara ƙoƙarin tashi da kansa, abin da bai yi ba tun bara. Na riƙe shi har bakin ƙofa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya kan bonet, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ƙarar yarintata ce.

Suka kai ta Kanda suka dawo, ko tari ba ta yi ba. Saddiku ya buɗe bonet, unguwa ta taru, kowa na leƙen gilashin yana cewa kai, Turawa sun iya abu. Ya ɗauki bidiyo ya aika Hamburg. Da ya hango ni ya ɗaga murya ya ce Sista ta zo ta duba, har yanzu shayin bai tafasa ba. Aka sake dariya.

Ƙarfe shida na safe, iska na kaɗawa, hanya fayau, tafiyar minti goma. Ko jaki aka gwada haka sai a ce doki ne. Na yi murmushi na koma ciki na ɗora ruwan wankan Baba.

Litinin, 27 ga Fabrairu, bayan isha'i

An sa rana: Juma'a, in an sauko daga masallaci. Saura burki da takardun hanya, Saddiku kuma ya dage sai an yi mata fenti, wai Baba ba zai shiga Madina a motar da ta yi kama da kejin kaji ba. Baba shi ma Juma'ar yake so, liman ya yi addu'a a kan motar tukuna.

Shamima ta ce Gwaggo ta daina cin abinci, sai ɗan ruwan koko. Da safe tana gane mutane, tana magana, har wajen uku na rana. Daga nan ciwon ke tashi a ba ta magani, in ta sha kuwa sai barci.

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ranar Juma'a, a wannan zafin, kan hanyar Madina. Da safe ya kamata a tafi. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 1 ga Maris, da safe

An sake gwaji bayan asuba, lafiya lau. Na leƙa gilashin da ba kowa kusa, jan gari ya fara kwanciya a ƙasansa.

Alhamis, 2 ga Maris, bayan la'asar

Masta Tijani ya biyo ni har shago, ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Gobe da asuba zai tafi Kumasi jana'izar surukinsa, ba zai kasance tare da mu ba. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Ya yi wa boga maganar sau ɗaya, boga ya ce wa ke biyan aikin. Sai ya rage murya ya ce:

“Anti Zuera, ke ce babba. In kin ce in canza, ki ba ni kayan yanzu, minti ashirin na gama. Ba zai sani ba sai ya buɗe bonet.”

Jakata na rataye a ƙusa, bayan kansa kaɗan. Na ce masa ni mai shagon magani ce, ya je ya tambayi likita.

Ya sa hularsa ya tafi. To me zan yi? In canza a ɓoye, mota ta kai lafiya, a ce gilashin Saddiku ne ya kai ta, Baba ya sa masa albarka a gaban Gwaggo? Ran nan da ake mini dariya ina bakin Masta yake? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ƙila ma ta kai, Allah ke kai mota ba filta ba.

Juma'a, 3 ga Maris, da hantsi

Na yi wa Baba aski, na sa masa farar babbar rigarsa da ya ajiye tun aikin Hajji. Ya sa na sayo goro fari, irin wanda Gwaggo ke so, ya riƙe ƙullin a cinya ya ƙi a karɓa. Sau uku yana tambayata ƙarfe nawa. Rana ta riga ta fara dukan kwano.

Juma'a, bayan magariba

Mun je. Ba zan iya rubutu yau ba.

Asabar, 4 ga Maris, da rana

Mun tashi ɗaya da rabi, liman ya yi addu'a, unguwa ta raka mu da tafi har bakin titi. Saddiku na tuƙi, ni da Baba a baya. Har gadar Tetteh Quarshie tana tafiya kamar amarya. Daga nan muka faɗa cunkoso, trotro gaba, trotro baya, taku ɗaya a tsaya. Wajen Shiashie ta fara shessheƙa. Kafin Okponglo ta yi tari biyu ta mutu. Biyu da kwata.

Aka tura mu gefe. Saddiku ya buɗe bonet, gilashinsa na ta kumfa kamar tukunyar wake, rabinsa ja da tsatsa. Ya yi ta murza makulli har batir ya fara kasala. Ya kira Masta Tijani, waya a kashe. Ya tare tasi ya roƙi Baba har da durƙuso a kan kwalta, Baba ya ƙanƙame ƙullin goronsa ya rufe ido.

Daga baya na fita na gyara. Na sayi ruwan leda na jiƙa ɗankwalina na ɗora kan famfo ya huce, na cire gilashin, na ja sabon tiyo ta gefen sanyi na ɗaura ƙaramar. Na shimfiɗa mayafina na kwanta ƙarƙashin mota da leshin Juma'ata na ɗaura babbar kusa da tanki, fetur na zuba mini har hammata. Mutane sun taru suna ɗaukar hoto. Aka tura ta, ta kama.

Huɗu saura muka isa. Baba ya taka gidan a cikin motarsa, tana tafiya da injinta, rantsuwa ta cika. Gwaggo na kwance da sabon ɗankwali, an shafa mata kwalli. Shamima ta ce tun sha biyu ta sa aka zaunar da ita tana fuskantar ƙofa, ta ƙi shan magani har uku da kwata, sai da ciwon ya fi ƙarfinta. Baba ya zauna bakin gado ya kira sunanta na yarinta, ya sake kira. Ya sa mata goron a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai. Ba ta buɗe ido ba. Mun zauna har rana ta yi sanyi.

Lahadi, 5 ga Maris, bayan azahar

Gwaggo Sahada ta rasu da asuba, ba ta farka ba tun ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai ta ɗazu.

Talata, 7 ga Maris, da yamma

Yau sadakar uku. A tsakar gidan Madina, gaban dangi, Saddiku ya miƙe ya ce laifinsa ne. Ya ce Yayarsa ta gaya masa gaskiya ya yi mata dariya, ya ce in yafe masa. Yaya ya ce, ba Sista ba. Mata suka yi ta shafa kaina, wai Zuera namijin duniya, ba don ita ba da Alhaji bai ga 'yar uwarsa da rai ba. Hotona ƙarƙashin mota ya zaga Nima da Maamobi, har a Abossey Okai an manna shi a ƙofar shagona.

Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Na samu, har da ƙari.

Ran Asabar na rubuta “daga baya na fita.” Bari in gyara, tunda littafin nawa ne. Mota ta mutu biyu da kwata. Na buɗe jakata uku da minti biyar. Minti hamsin ina zaune kusa da Baba, jakar a kan cinyata, ina kallon Saddiku ta tsakanin bonet yana zufa yana ƙona yatsu. Jira nake ya zagayo ya ce Yaya ki taimake ni. Sau biyu Shamima ta kira, na ga sunanta, na kife wayar. Sai da numfashin Baba ya fara sama-sama don zafi na tashi. Aikin minti ashirin da biyar ya ɗauke ni, daga nan zuwa Madina minti ashirin. Ko ɗan firamare aka ba wannan lissafin zai faɗi ƙarfe nawa za mu isa da na tashi tun farko, da kuma ko Gwaggo na zaune a lokacin.

Alhamis, 9 ga Maris, da hantsi

Tun ranar Baba bai yi magana da kowa ba. Yau na kai masa koko, na gyara masa matashi, na ɗebo cokali. Bai buɗe baki ba. Idonsa na kan jakata da ke rataye a bayan ƙofa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

“Kayan nan da kika ɗaura. Tun yaushe suke jakarki?”

Da na ce da safen ranar na ɗauko, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Na ce:

“Kwana takwas, Baba.”

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar yadda yake yi in ya gama sauraren inji. Bai zage ni ba, bai yi kuka ba. Na sake miƙa cokali, ya kau da fuska ya ce in kira masa Saddiku.

Na kira shi, na ba shi kwanon, na tsaya a waje. Ina jin yana zubar da rabi a rigar Baba. Can ya leƙo ya tambaye ni a hankali wane ƙwaya ne na safe, na ce fari ɗaya da rabin ja, bayan ya gama ci.

Jirginsa na komawa Hamburg ran Lahadi ne.